Jinyar Dunƙule: ɓeran Masar mai tsakuwar mafitsara da ciwon ƙoda

Litinin, 2 ga Maris

Ɓerayen Masar biyu ne a gidan nan, Dunƙule da Auta, duka maza. Na 'yata ne, amma tunda karatu ya yi mata yawa kulawarsu ta dawo hannuna. Dunƙule ya shiga shekara ta biyar, Auta bai kai uku ba.

Kwana uku ke nan Dunƙule yana wata irin tsuwa da ban saba ji ba. Ba irin wadda yake yi idan ya ji motsin leda yana neman ganye ba ce. Wannan siririya ce, kuma sai ya tsuguna zai yi fitsari yake yin ta, ya gantsare baya, ya ɗaga ƙugu, ya daɗe a haka. Yau da safe na kwashe garin katakon da ke ƙasan kejin na shimfiɗa farin tawul don in gani da idona. Kafin azahar sai ga ɗigo uku jajaye, kowanne bai fi girman ƙwayar wake ba. Gabana ya faɗi.

Akwai ragowar amoksisilin na ruwa a firij, wanda aka rubuta wa ƙaramin ɗana watan jiya. Har na ɗauko kwalbar na zuƙo a sirinji, sai zuciyata ta ce in fara kiran likitan dabbobi tukuna. Ina faɗin sunan maganin ta katse ni: "Don Allah kada ki ba shi ko ɗigo ɗaya." Ta ce fenisilin da danginsa, da su kilindamaisin da eritoromaisin, suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjin ɓeran Masar, sai mugayen su samu fili su saki guba, dabbar ta kama zawo ta mutu cikin 'yan kwanaki. Na zubar da abin da ke sirinjin hannuna yana rawa. Gobe da safe za mu je.

Talata, 3 ga Maris

Likita ta fara da awo: giram 1,010. Rabon da in ɗora shi a sikeli tun watan Janairu, lokacin yana 1,085. Giram 75 sun tafi ban lura ba, saboda gashi ya rufe ramar. Ta ce haka suke, su da ake farauta a daji ba sa nuna ciwo sai ya ci ƙarfinsu, shi ya sa sikeli ya fi ido saurin gano matsala.

Ta tsoma 'yar takardar gwaji a fitsarin, ta tabbatar jini ne. Na tambaye ta me ya sa sai an gwada alhali ga ja a fili. Ta ce wani lokaci launin ganyen da suka ci yakan juya fitsarinsu ya yi ja ko ruwan lemo ba tare da ciwo ba. Shi kansa fitsarin lafiyayyen ɓeran Masar ba garau yake ba, yana da ɗan kauri fari-fari, idan ya bushe ya bar gari kamar alli, domin ta nan jikinsu yake fitar da rarar kalsiyam. Abin damuwa shi ne idan ka murza garin nan da yatsa ka ji shi kamar yashi.

Daga nan aka ɗauki hoton eksire. Ba sai an nuna min ba, ga tsakuwa nan fara fat a tsakiyar mafitsara, milimita 6. Tsakuwar ɓeran Masar yawanci kalsiyam kabonet ce, wato sinadari irin na alli, shi ya sa take fitowa tas a hoto, kuma shi ya sa babu magani ko abincin da zai narkar da ita. Da mace ce mai yiwuwa ƙaramar tsakuwa ta fita da kanta, amma hanyar fitsarin namiji doguwa ce kuma siririya, idan ta gangara ta toshe ta to ana maganar awanni ne. Tiyata ranar Juma'a.

Sai ta tambayi abin da yake ci, a nan jikina ya yi sanyi. Shekara biyu ke nan ina ba su busasshiyar ciyawar alfalfa saboda sun fi son ta, ga alayyafo kusan kullum, ga ƙwayoyin abincinsu na kanti cike da kwano ba awo. Alfalfa tana da kalsiyam sosai, ta dace da ƙanana masu girma da masu ciki ko shayarwa, ba babban namiji ba. Alayyafo kuma ya haɗa kalsiyam da okzalet, wani sinadari da kan haɗu da kalsiyam ya zama tsakuwa. Ni a tunanina gata nake yi musu. Likita ta ce ba abinci kaɗai ke kawo tsakuwa ba, akwai gado, akwai ƙarancin shan ruwa da rashin motsa jiki, amma abinci shi ne abin da ke hannuna. Ban ce komai ba har muka fito.

An ba shi meloksikam don raɗaɗi, da maganin ƙwayoyin cuta wanda hanjinsa zai iya ɗauka.

Laraba, 4 ga Maris

Na sayo ciyawar timoti, wadda ba ta kai alfalfa yawan kalsiyam ba, da ƙwayoyin abincin da aka yi da ita. Zan riƙa gauraya sabo da tsoho na kwana goma, don sauyi farat ɗaya yana ɓata musu ciki. An daina alayyafo. Yanzu kokwamba, latas da tattasai mara yaji. Na ware sikelin kicin da ƙaramin kwano don awonsa kowace safiya kafin ya ci ganye. Yau 1,004.

Alhamis, 5 ga Maris

998. Yana ci kaɗan-kaɗan. Fitsari na fita, sau biyu na tashi cikin dare na duba tawul.

Juma'a, 6 ga Maris

Na zaci za a ce in hana shi abinci tun dare kamar yadda ake yi wa mutum kafin aiki. Likita ta ce a'a, ɓeran Masar ba ya amai, kuma hanjinsa ba ya son zama babu komai. Ya ci ciyawa har muka kama hanya, sai can suka ɗauke abincin na ɗan lokaci suka goge masa baki.

Na zauna a waje kusan awa biyu. 'Yata ta kira sau huɗu daga makaranta, "Umma, ya fito?" Da aka fito da shi an aske cikinsa, ga ɗinki kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, jikinsa a naɗe cikin tawul da gorar ruwan ɗumi a gefe. Likita ta miƙo min tsakuwar a cikin 'yar kwalba. Ruwan ƙasa-ƙasa ce, jikinta duk ƙaiƙayi-ƙaiƙayi. Na murza ta tsakanin yatsuna na ji tana karta ta, sai na tuna wannan abin ne ke gogar cikin mafitsararsa duk lokacin da ya tsuguna. Za a tura ta ɗakin gwaji.

Kuɗin aikin da hotuna da magani sun cinye abin da na tara na wata uku don wata buƙata daban. Mai gidan bai ce komai ba, shi ya cika ragowar.

Asabar, 7 ga Maris

Mummunar rana. Tun da muka dawo jiya bai taɓa ciyawa ba, ko latas da na kai bakinsa sai ya kau da kai. Ya lafe a lungu, gashi a tsaye, ido rabi a rufe. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kashi. Lafiyayyen ɓeran Masar yana zubar da kashi da yawa a rana har mutum ya gaji da shara, amma daga daren jiya zuwa ƙarfe goma na safe guda bakwai kacal na ƙirga, ƙanana, busassu, wasu da tsini a ƙarshe.

Na kira likita. Ta ce hanjin ne ya fara tsayawa, kuma wannan ya fi ɗinkin haɗari a yanzu. Dabbar da aka halitta don ta yini tana taunar ciyawa, idan ta yi awa goma sha biyu ba ta ci ba an shiga matsala, iska ta taru a ciki, hanta ma ta fara lalacewa. Ta ce in koma a ƙara masa maganin raɗaɗi mai ƙarfi ta allura, don sau da yawa ciwo ne ke hana su ci, sannan in fara ɗura.

Ɗurar da garin abincin jinya na dabbobi masu cin ciyawa ake yi, a dama shi da ruwan ɗumi. Ta ce aƙalla mil 60 a yini, a raba kowace awa uku, har da dare. Na farko ban iya ba. Na dama shi da kauri ya toshe sirinji, na matsa da ƙarfi ya fantsama a fuskarsa da rigata. Na biyu na yanke bakin sirinjin mil ɗaya ya faɗaɗa, na naɗe shi a tawul ƙafafunsa huɗu a ƙasa, bayansa jingine da cikina. Ba a kwantar da su rigingine, abinci zai iya bi ta huhu. Akwai wani ɗan fili babu haƙori tsakanin haƙoran gaba da turame, ta nan ake zura sirinjin daga gefe, a matsa rabin mil, a jira a ga muƙamuƙi yana motsi. Idan bai tauna ba ba a ƙarawa. Mil 10 sun ɗauke ni minti arba'in.

Ƙarfe uku na dare ina zaune a ƙasa da shi a cinyata, na ji wani ɗan ƙugi a cikinsa, sai ga kashi huɗu a kan tawul. Ban taɓa zaton zan yi hamdala don ganin kashin dabba ba, amma na yi, da ƙwalla a idona.

Awo 962.

Lahadi, 8 ga Maris

948. Ɗura sau bakwai, jimla mil 64. Kashi 31. Fitsari da ɗan jini, an ce a sa ran haka na kwana biyu ko uku.

Litinin, 9 ga Maris

941. Ya ja zaren ciyawa ɗaya da kansa ya cinye.

Laraba, 11 ga Maris

Da ma na raba musu keji saboda jinyar, yau na matso da kejin Auta kusa da nasa, waya kawai ta raba su. Auta yana fara cin ciyawa, Dunƙule ya taso ya zo jikin wayar ya fara ci shi ma. Da na sani da tun Asabar na yi haka. Dabbobin garke ne, ganin ɗan'uwa yana ci yana buɗe musu ciki, kuma kaɗaici yana cutar da su, shi ya sa a Suwizalan doka ta hana ajiye ɓeran Masar shi kaɗai. Na rage ɗura zuwa sau huɗu. 950.

Litinin, 16 ga Maris

An duba ɗinki, ya kama tsaf, babu kumburi. 971. An daina ɗura. Na mayar da su keji ɗaya, suka ɗan yi gurnani da zagaye juna na minti goma, daga baya suka kwanta gefe da gefe.

Juma'a, 20 ga Maris

Sakamakon gwaji ya dawo, kalsiyam kabonet ce kamar yadda aka zata. Likita ta gaya min gaskiya cewa tsakuwa tana yawan dawowa, wani lokaci cikin makonni, ko da an gyara abinci.

Na ce to in cire duk wani abu mai kalsiyam mana. Ta ce kuskure ne, haƙoransu 20 duka suna tsirowa har ƙarshen rayuwa, ƙashi ma yana buƙata. Ragewa ake yi, ba yankewa ba. Ƙwayoyin abinci cokali ɗaya babba a rana, ciyawa iya cinsa, ganye a jiƙe da ruwa.

Babban aikin yanzu ruwa ne. Babban ɓeran Masar yana shan kimanin mil 100 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Na sa alama a jikin kwalbar shan ruwa, na ƙara kwalba ta biyu da kwano. Kwanon bai kula shi ba sai dai ya taka. Ruwan famfonmu yana barin farin dattin nan a cikin buta, alamar yana da kalsiyam da yawa, don haka na koma ba su tataccen ruwa. Na kuma daina ɗiga bitamin C a ruwan sha. Jikinsu ba ya ƙera bitamin C, kamar dai ɗan Adam, dole su samu daga abinci, amma a cikin ruwa haske yana kashe shi da wuri, kuma yana sauya ɗanɗano har su rage sha. Yankin jan tattasai mara yaji kullum ya wadatar.

Litinin, 23 ga Maris

988. Babu tsuwa, babu jini.

Litinin, 30 ga Maris

1,002. Yau ya yi tsallen nan nasu na murna har sau biyu. 'Yata ta ɗauke shi a bidiyo.

Litinin, 6 ga Afrilu

Awon kwana shida da suka wuce: 999, 994, 990, 981, 975, yau 966. A ido lafiyarsa ƙalau, yana ci, yana zuwa bakin keji. Ruwa kuwa yana sha kamar ba gobe. Na raba su na yini ɗaya don in san na wane ne, shi kaɗai ya sha mil 190. Da farko daɗi na ji, na ɗauka ƙoƙarina ne ya yi amfani. Amma tawul yana jiƙewa sharkaf, fitsarin kuma ya tsinke kamar ruwa, farin garin nan ma babu sosai. Na tura wa likita lambobin, ta ce in kawo shi jibi.

Laraba, 8 ga Afrilu

Eksire, sikanin da gwajin jini. Mafitsara babu komai. Amma akwai wata ƙaramar tsakuwa, milimita 2, ta maƙale a bututun da ke sauko da fitsari daga ƙodar hagu, fitsari ya taru a bayanta har ƙodar ta kumbura. Ta dama kuma ta ɗan ƙanƙance, gefenta ba sumul ba, irin tabon da ake yawan gani a ƙodar ɓerayen Masar da suka manyanta. Yuriya da kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, duka sun hau. Likita ta ce waɗannan ba sa hawa a jini sai kusan kashi uku cikin huɗu na aikin ƙoda ya tafi, wato abin ya daɗe yana tafiya a ɓoye. Yawan shan ruwan da na yi wa murna alama ce cewa ƙodar ta kasa tace fitsari ya yi kauri, ruwa yana wucewa kawai.

Na ce, "Likita, da ke ce ya za ki yi?" Ta yi shiru kaɗan. Ta ce bututun nan siriri ne ƙwarai a dabba mai nauyin kilo ɗaya, yanka shi da ɗinke shi aiki ne mai haɗari. Cire ƙodar hagu kuma yana yiwuwa ne idan ta dama lafiyayya ce, tasa kuwa ba haka take ba. Ga maganin sa barci karo na biyu cikin 'yan makonni. Shawararta a bi shi da ƙarin ruwa da maganin raɗaɗi, a ga ko tsakuwar za ta gangara mafitsara da kanta. Na yarda, kuma har yanzu da nake rubutu ina ganin shi ne daidai. Ba zan sake mayar da shi daren 7 ga Maris ba don wani aiki da ita kanta mai yin sa ba ta da ƙwarin gwiwa a kai.

An dakatar da meloksikam, domin irinsa yana rage jinin da ke zuwa ƙoda. An canza masa wani. Kuɗin gwaje-gwajen yau sun kai kusan rabin na tiyata.

Na gaya wa 'yata da dare ba tare da ɓoye komai ba. Ta ce, "Umma, zai warke?" Na ce ƙoda ba ta komawa yadda take, amma za mu iya sa ya ji daɗin kwanakinsa. Ta ɗauke shi ta zauna da shi har ta yi barci.

Juma'a, 10 ga Afrilu

Ƙarin ruwa na farko a gida. An koya min a asibiti jiya: mil 20 a ƙarƙashin fata, a ɗumama shi cikin kofin ruwan ɗumi ya kai zafin jiki, a kama fatar da ke tsakanin kafaɗu a ɗaga ta kamar tanti, a soka allura a gindin tantin. Fatar wuyan namiji tauri gare ta fiye da yadda na zata. Sokawar farko ya yi ƙara ya zabura, na saki. Ta biyu allurar ta ɓula ta fita ta ɗaya gefen, ina matsawa ruwan yana bin gashinsa yana sauka a teburi, sai da mil 8 suka zube na ankara. Na ajiye komai na fita na sha iska.

Da na dawo 'yata ta riƙe shi, ta sa masa yankin kokwamba a gaba. Na canza sabuwar allura, na matsa ƙasa kaɗan inda fatar ta fi laushi, na soka sau ɗaya ba tare da jinkiri ba. Jinkirin nan ne ke ƙara masa zafi. Ruwan ya taru ya yi ƙullutu kamar ƙwan tantabara, kafin dare jiki ya shanye.

Litinin, 13 ga Afrilu

958. Ƙarin ruwa na uku, minti huɗu an gama.

Juma'a, 17 ga Afrilu

Sabuwar matsala. Saboda yawan fitsari, gashin cikinsa da bayansa kullum a jiƙe, fatar ta yi ja kamar ta jaririn da aka bari cikin jiƙaƙƙen nafkin. Tafin ƙafarsa ta baya ta hagu ma ya fara ja, idan aka bar shi haka gyambo ne zai biyo baya. Na rage gashin wurin da almakashi mai dunƙulallen baki, na wanke da ruwan ɗumi kawai, na busar sosai, na shafa man da likita ta bayar. Shimfiɗa yanzu sau uku a rana nake canzawa, bargo mai laushi a sama, tawul mai tsotse ruwa a ƙasa. Wanki ya ninka. Na kuma ɗauke kejin daga kusa da taga, don zafi sama da digiri 26 yana wahalar da su, shi kuwa ba shi da rarar ruwan da zai yi asara.

Laraba, 22 ga Afrilu

An sake hoto. Tsakuwar tana nan inda take, ba ta motsa ba, ba ta kuma ƙara girma ba. Kiriyatinin ya ɗan sauka, yuriya tana nan. Likita ta duba turamensa tunda cinsa ya ragu, ba su zarce ba. 961, wato kwana tara ke nan ramar ta tsaya.

Mun yi maganar da nake gudu. Ta ce in rubuta alamomin da idan na gan su zan kawo shi ba tare da jiran safiya ba: ya tsuguna fitsari ya ƙi fita, ya daina ci na awa goma sha biyu, ko ya sauka ƙasa da giram 900. Na rubuta na manna a jikin firij.

Litinin, 27 ga Afrilu

964. Ruwan sha mil 150. Jan fatar ciki ya baje, tafin ƙafa saura kaɗan. Jiya da yamma da ya ji an buɗe firij ya yi tsuwar neman ganye da ƙarfi har ya fi Auta.

Ƙarin ruwa ya koma kwana ɗaya bayan ɗaya. Gwajin jini na gaba 20 ga Mayu. Allurai sun rage guda shida, sai na karɓo wasu ranar Alhamis tare da sabuwar ledar ruwa. Na nemi a ɗauki hoton Auta shi ma a ranar, tunda shekara biyu suna cin alfalfa ɗaya daga kwano ɗaya, kuma daga gobe zan fara ɗora shi a sikeli duk safiya bayan Dunƙule.